Kalangun da Na Bari a Mota

Daga Maigatari zuwa Agadas ni ban ɗauke ta tafiya ba. Har yanzu Hausa ake yi, har yanzu mai shayi a tasha zai tambaye ka mutan gida. Tafiya ta fara ne ranar da aka loda mu a bayan a-kori-kura, aka kafa wa kowa sanda tsakanin cinyoyinsa ya riƙe don kada ya faɗo, direba ya juya hancin mota ya fuskanci Sahara. A nan na san Isufu, wani dogon Badamagare mai bakin tsiya da cakuɗa Hausa da Faransanci, wanda gwiwarsa ta tare a haƙarƙarina har Libiya. Da na ce masa daga Gumel nake, sai ya ce, "Bon, Allah ya haɗa ni da wahala biyu." Tun daga ranar bai kira ni Haladu ba, sai ɗan Gumel.

A Sabha wani Bahaushe ne ya tarbe mu, carbi a hannu, yana ta ce mana 'yan'uwa. Shi ya kai mu wurin wani mai gine-gine, ya ce mu yi aiki, haƙƙinmu yana wurinsa a ajiye. Muka yi ta ɗaukar bulo har fatar kafaɗata ta mutu. Ranar da muka je karɓa aka ce ai ya tashi daga unguwar. Na yi fushin da ban taɓa yi ba, kuma ba abin da ya ci ne ya fi ƙona mini rai ba, da Hausa ya cuce mu. Da da Larabci ya yi, da na fi samun sauƙi.

Teku kuwa ba na son maganarta. Ni da ruwan da na sani bai wuce na kududdufin bayan gari da damina ba, sai ga ni zaune a cikin kwalekwalen roba mai iska, ba gaba ba baya. Wata mata 'yar Gana da ke gefena ta ga haƙorana suna haɗuwa don sanyi, ta ja rabin mayafinta ta rufa mini. Ban san sunanta ba, ban kuma sake ganinta ba bayan jirgin ceto ya sauke mu a Sisili ta ƙasar Italiya.

Daga sansanin baƙi muka faɗa gonakin tumatir na wajen Fojiya. Na ce a raina noma ai ba baƙona ba ne. Ashe akwai noman da ba ka da gona kuma ba ka da suna. Shugaban lebura, wanda ake ce wa kafo, baƙar fata ne irinmu, shi zai yanke na mota, ya yanke na ruwan sha, ya yanke na katifar da ka kwana a kai. Abin da ya fi damuna shi ne ƙanshin tumatir ɗin. Da rana ta buge shi sai in ga Inna a tsakar gida tana shanya kauɗa a kan tabarma, in ji hawaye na neman zubo mini a gaban ƙarti. Isufu ya riga ni gajiya, ya yi arewacin ƙasar. Bayan an kwana biyu sai ga wayarsa.

"Ɗan Gumel, taho Bolonya. Na samo maka aikin da Allah ya halicce ka dominsa. Ƙarfi ake so, ba a son kai."

Aikin ɗaukar kaya ne wurin wani tsohon makaɗi mai suna Otabiyo. Gajere ne mai tumbi, kansa fari fat, yatsunsa gajeru masu kauri, ba ka ce za su iya wani abin kirki ba. Mutane suna ce masa Mayestiro, wato gwani, ni ma na bi sahu. Shi kuma harshensa ya kasa ɗaukar sunana, ya mai da ni Aladu. Ya kai ni garejin gidansa ya yaye wani bargo, ya ce ga matarsa ta biyu. Wani irin fiyano ne na katako da ake kira ogan, mai hawa biyu na madannan hannu, ga wasu sanduna a ƙasa da ake takawa da ƙafa, ga wasu ƙananan maɓallai da ake ja ana turawa don sauya masa murya. Kusa da shi akwai akwatin lasifika mai tsayin ƙirjina, da wani abu a ciki da ke juyawa kamar fanka yana karkaɗa sautin. Nauyin abin nan sai wanda ya ɗauka. Na taɓa taya mahauta kayar da bijimi a kasuwar Maigatari, kuma wallahi bijimin ya fi shi sauƙin kai.

A ranar farko na yi abin da Isufu bai daina yi mini dariya a kai ba. 'Yar tsohon, Sinyora Kiyara, wadda ke zuwa duba shi da rana, ta fito da faranti shaƙe da taliya tana tururi ta ce in ci. Rabona da abinci tun jiya. Amma ɗan mutunci ai ba ya miƙa hannu a tayin farko. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, ina jiran ta ce haba, ci mana. Sai ta ce to, ta juya da farantinta. Ina ji ina gani ta rufe shi ta sa a firij. Na wuni ina ɗaukar ogan da ciki fayau. Da na ba Isufu labari sai da ya kwanta ƙasa.

"Kamarad, nan ba Gumel ba ce. A'a ɗinsu a'a ce, i ɗinsu i ce. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya."

Na kuwa koya. Daga ranar ko ruwa aka yi mini tayi, kafin a rufe baki na karɓa.

Aikina shi ne in loda ogan a mota, mu tafi garin da aka gayyace shi, in sauke, in haɗa wayoyi, in an gama in kwashe. Kiɗan da yake yi jaz ake ce masa. Da farko ban ji komai a ciki ba sai hayaniya, kowa yana ta kansa. Sai da kunnena ya zauna na gane hira ce. Wannan ya faɗi magana, wancan ya amsa, wani ya tsoma baki da zolaya, kuma ba a maimaita hirar jiya. Shi Otabiyo mutum uku ne a kujera ɗaya. Hannun dama yana magana, na hagu yana rufa masa baya, ƙafafu suna can ƙasa suna riƙe da tafiyar.

Ranakun da ba mu da fita, bayan azahar, sai ya zaunar da ni a gareji ya jawo faya-fayansa na garmaho daga kanta. Da su ya koya mini Italiyanci, da su kuma ya ba ni tarihinsa. A coci ya fara, a wani ƙauye kusa da Napoli, yana yaro. Wata rana ya saka wani karkataccen sauti da ya ji a faifan sojojin ruwan Amurka a tsakiyar waƙar ibada, limamin cocin ya buge masa yatsu da sanda. Bai koma ba. Ya shiga kiɗa a mashayar matuƙa jirgin ruwa, har ya sayi ogan ɗin nan a hannun wani soja da zai koma gida. A bangon faifansa na farko wani siririn saurayi ne mai baƙin gashi yana harare-harare, na duba hoton na duba tumbin da ke gabana na ce, "Mayestiro, wa ya cinye wannan yaron?" Ya yi dariya har da tari.

Akwai lokacin da duk wani mai busa da ya zo daga Amurka, shi ake nema ya raka shi. Ya nuna mini faya-fayan zamanin, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wasu da ya tura can ƙarshen kanta, na kiɗan fina-finai, ya ce yunwa ce ta kaɗa su ba shi ba. Daga baya aka fito da fiyano na zamani marar nauyi, wanda yaro zai saɓa a hammata, duniya ta juya wa ogan baya. Abokansa suka yi ta sayar da nasu a arhar banza. Shi ya ƙi. Ya koma kiɗan biki da na jiragen ruwan 'yan yawon shaƙatawa, yana kaɗa wa masu cin abinci abin da ba sa saurara. Yana tsakiyar teku matarsa ta rasu, bai sami jana'izarta ba. Sai da ya tsufa jikokin zamani suka tono tsofaffin faya-fayansa suka ce ashe akwai gwani a garin.

Faifan da ya fi so shi ne wanda suka yi da wani mai ganga, Faranko, abokinsa tun na ƙuruciya. In ya sa shi ba ya magana sai ya ƙare. Ya ce mini, "Aladu, masu ganga suna da yawa, duk sun iya ƙirga. Amma tun da Faranko ya mutu ban sami abokin hira ba."

A bangon garejin nan akwai wani abu da na yi ta kawar da kaina daga gare shi. Kalangu ne, wani ya ba shi tsaraba daga wata tafiya Afirka, ya rataye shi don ado. Fatar ta bushe ta tsage, tsarkiya ta saki. Ganinsa haka yana ci mini rai, don ni a cikin kalangu aka haife ni. Mahaifina makaɗin mahauta ne. Kasuwar Gumel, ta Maigatari, ta Gagarawa, ta Sule Tankarkar, duk ya taka su, ina biye da shi da ɗan ƙaramin kalanguna. In ya saki taken Sarkin Fawa, na can ƙarshen kasuwa ya san an yanka babba. Amma a makaranta ɗan maroƙi ake ce mini. In malami ya fita sai yara su miƙo hannu suna cewa a taimaka wa na baya. Na ajiye kalangu, na rantse bakina ba zai taɓa neman komai a wurin kowa ba. Baba ya rasu ba wanda ya ɗauki kiɗansa ko a kaset. Duk wannan na taɓa gaya wa Otabiyo a hanya, har na ƙara masa da cewa a wurinmu akwai malaman da ba sa kallon kiɗa da idon rahama. Ya saurara da kyau. Shi ne ma yake kashe garmaho da kansa in ya ga na shimfiɗa kwali zan yi salla.

Wata rana na kasa daurewa. Na samo fatar ɗan akuya wurin wani mahauci ɗan Maroko, na jeme ta, na sauke kalangun na ɗinke shi, na ja tsarkiya, na fere gula da reshen itacen bayan gida. Niyyata in gyara in mayar. Amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da na saƙala shi a hammata na matsa, sai hannuna ya tafi da kansa ya saki taken Baba. Ban san tsohon yana bakin ƙofa ba. Ya wuce ya kunna ogan, ya jira ta yi zafi, ya lalubi sautin da na yi ya mayar mini da shi. Na karkata na ba shi wani. Ya kama, ya ƙara masa gishiri ya dawo mini da shi. Muka yi ta yi har Sinyora Kiyara ta leƙo ta ga ko lafiya.

Daga nan abin ya zame mana ci da sha. Shi ya ɗauki kiran taken ya mai da shi na ogan, ni nake amsawa, daga nan kowa ya bi inda zuciyarsa ta kai shi mu haɗu a gaba. Ban taɓa bin sa da kalangu wurin wasa ba, bai kuma nema ba. Abin namu ne, na gareji. A watannin nan na daina mafarkin teku. Ina kaɗawa ina ganin Baba a rumfar mahauta da hularsa a karkace, kuma karon farko a rayuwata ban ji kunyar zama ɗansa ba.

Sai wasu samari masu ɗan kamfanin faifai suka zo suka ce suna so ya yi sabo. Kowa ya san na ƙarshe ne, don hannunsa na hagu ya fara rawa in ya ɗauki kofi. Bayan sun tafi ya kira ni, ya zauna a kujerar ogan ya juyo.

"Aladu, ina so mu yi shi tare. Ni da kai kawai. A sa sunanka kusa da nawa, a sa na mahaifinka a kan waƙar, tunda tasa ce."

Wallahi murna kamar ta kashe ni. Abin da ban taɓa zato ba ke nan, kiɗan Baba a faifai, sunansa a rubuce a ƙasar da bai san da ita ba. Amma abu in ya yi girma haka, a wurinmu ba a cafke shi kamar kaza ta ga tsaba. Babba ya ɗaga ka, kai kuma sai ka ƙasƙantar da kanka, ya sake ɗagawa, ka ɗan noƙe, a na uku ka ce to, tunda ka matsa. Haka ake nuna an san darajar abin da ta mai bayarwa. A kan taliya na koyi darasi, amma wannan ba taliya ba ce, kuma bakina bai shawarce ni ba.

"Haba Mayestiro, ni wa? Ni ɗan dako ne. Wannan ba wurina ba ne, ka nemi waɗanda suka isa."

Na sunkuyar da kai ina jiran na biyu. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, a hankali, "Na gane. Ka yi haƙuri, bai kamata in sa ka a tsaka mai wuya ba." Ya juya ya rufe ogan da bargo.

Na fita ina cewa a raina gobe zai sake. Gobe ta zo bai sake ba. Muka ci gaba da loda kaya da saukewa, yana yi mini fara'a kamar kullum, amma bai ƙara kunna ogan in ina gareji ba, ni kuma ban taɓa kalangu ba. Da kwanaki suka ja sai murnata ta koma fushi. Na ce ashe tayin fatar baki ne, irin na mai cin abinci da ya ga baƙo. Na kai wa Isufu ƙara, ina zaton zai taya ni.

"Kai wawa ne ko kuwa ɗan Gumel ne kawai?" in ji shi. "Ka manta farantin da aka sa a firij? Tashi ka je ka ce masa ka sake shawara."

"In ce masa me? Don Allah sa ni a faifanka? Roƙo ke nan, Isufu. Abin da na guje wa ke nan tun ina yaro."

"Shi ya fara nema, ina roƙo a nan?"

"In da gaske yake zai sake."

"Bon. Girman kai rawanin tsiya. Zauna nan, kamarad, har a naɗa ka."

Ranar ɗaukar faifan da safe na loda ogan, sannan na yi wata dabara da na ɗauka hikima ce. Na ɗauko kalangun na ajiye shi a kujerar gaba, tsakanina da shi, inda ba yadda za a yi ya kasa gani. Na ce na yi nawa, saura nasa. Ya shigo ya zauna, ya dubi kalangun, ya dube ni. Na kafe idona a kan titi. Har muka isa ba wanda ya yi magana. Na shigar da ogan ɗakin ɗauka, na haɗa wayoyi, na tsaya ina goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Kalma ɗaya nake jira, ya ce ɗauko. Shi kuma yana zaune, hannuwansa a cinya, yana kallona. Da ɗaya daga samarin ya ce za a rufe ƙofa, sai na ce zan je in tsare mota. A mota na wuni, ni da kalangu, ban ji ko sauti ɗaya na abin da aka yi a ciki ba.

Faifan bai kai ga fitowa ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Na je asibiti na same shi bakinsa a karkace, ba magana. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiya ya riƙe. Da na fito Sinyora Kiyara ta biyo ni baranda.

"Aladu, zan tambaye ka wani abu. Addininka ne ya hana ka, ko kunyar mutanen garinku? Baba ya ce ɗaya daga ciki ne, ya hana ni yi maka magana. Ya ce mutumin da aka buge wa yatsu saboda kiɗa ba zai tura wani ya saɓa wa imaninsa ba."

Na ce ba ko ɗaya. Na yi ƙoƙarin bayyana mata yadda ake yi a wurinmu, Italiyancina ya watse. Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba.

"Kana so? Tun farko kana so?" Ta dafe kai. "Ranar da ya ga gangar nan a mota ya ce mini zuciyarsa ta buga. Ya sa samarin nan suka kafa makirfo na biyu. Ya ce in ka shigo da ita da hannunka shi ke nan, in ba ka shigo da ita ba, ba zai tambaye ka abin da ka riga ka ba shi amsa ba."

Na tuna na ga makirfon nan. Har na matsar da shi gefe don kada ya tare wa ogan hanya.

Abin da ya biyo baya gajere ne. Ba Otabiyo ba aiki, ba aiki ba takardar zama. Na ɗan yi gararamba a garin, na kwana a inda bai kamata ɗan mutum ya kwana ba, daga ƙarshe na karɓi tayin masu mayar da baƙi gida. Isufu ya raka ni tasha, bai zolaye ni ba ko sau ɗaya, abin da ya fi zolayar ciwo. Kalangun na bar shi a gareji, a ƙusar da na same shi. Ina Gumel ina jan adaidaita sahu saƙon Sinyora Kiyara ya shigo wayata, cewa tsohon ya cika, ga kuma faifan ta turo mini. Na kunna, da na ji farkon taken Baba na kashe. Na daɗe ban sake taɓa shi ba. Da na sani ƙeya ce, ni kuwa kullum a gabana nake ganinta.

Bayan girbi na kai fasinja Gagarawa, na ce bari in ƙarasa ƙauye in gai da Baffa Ɗanjuma, ƙanin mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mai kalangu a gidanmu. Na same shi a gindin darbejiya bayan la'asar yana gyaran igiyar akuya. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya.

"To Haladu, an ce ka ƙetare ruwa ka dawo. Me ka zo mana da shi daga ƙasar Nasara, ban da ramar nan?"

Ban san abin da ya sa ba, na ciro waya na kunna masa. Ogan ta yi gurnaninta ta saki kira. Baffa ya saki igiya.

"La ilaha illallahu! Wannan ai taken Yaya ne. Wa ya kai shi can?"

Ni ma yanzu nake jin abin da ke gaba. Kiran ya ƙare, sai hannuwan suka ɗauke. Ba abin da ya rage sai ƙafafun nan a ƙasa suna riƙe da tafiya. Can ya sake kira, ya sake ɗaukewa. Baffa ya karkata kunne, ya ɗaga yatsa.

"Tsaya. Mutumin nan kira yake. Ka ji? Ya kira, ya ja da baya. Ina mai amsa masa?"

"Babu, Baffa."

"Babu kamar yaya? Ana barin mai kira a tsaye?"

Ya miƙe da ƙyar ya shiga gida, ya fito da kalangunsa ya dangwara mini a cinya, ya ce in mayar da abin farko. Na mayar, na saƙala kalangu a hammata. Otabiyo ya kira, na amsa. Gurbin da ya bari daidai hannuna ne, har ɗan jinkirin da nake yi kafin in matsa tsarkiya ya bar mini wurinsa. Yaran unguwa suka fara taruwa. A tsakiya na manta kaina, na karkata na jefa masa wani sabon salo don ya biyo ni. Bai biyo ba. Faifan ya ci gaba da tafiyarsa yadda aka ɗauke shi, har ya ƙare.

Baffa ya gyaɗa kai. "Ashe hannun yana nan. Maza buga masa waya, ya ji an amsa."

"Ya rasu, Baffa."

Ya kalli wayar a kan tabarma. Sannan ya jawo igiyarsa.

"Allah sarki," ya ce. "Ya kuwa ba ka fili mai yawa."